LEZAR GYARAN FUSKA: Kafin Ki Kwanta A Ƙarƙashin Injin, Ki Tambayi Lambarsa

Duk mai shiga Instagram ko TikTok ya san irin bidiyon nan. Mace a kwance, an rufe mata ido da baƙin tabarau, wata mai safar hannu tana bin fuskarta da wani abu kamar biro yana ƙyas-ƙyas-ƙyas. Sai a nuno ta "bayan sati biyu", fuska sumul kamar ta jariri. A ƙasa kuma a rubuta: babu tiyata, babu ciwo, babu jinya. Yanzu ba sai an je Dubai ba, tallar ta iso Abuja da Kano da Kaduna.

'Yar uwa, yau da ke nake. Ɗan uwa, kai ma kada ka wuce, domin sau da yawa daga aljihunka kuɗin zai fita, kuma maza ma sun fara kai fuskokinsu.

Ra'ayina a fili yake. Fasahar nan gaskiya ce, tana aiki. Amma yawancin injinan a kan farar fata aka fara gwada su, kuma abin da leza da yawa ke farauta, wato launi, shi ne abin da fatarmu ta fi ta kowa yawansa. Saboda haka ga mai baƙar fata, abu uku ne ke raba gyara da ɓarna: wane inji ne, a wace lamba aka saita shi, kuma a hannun wa yake.

Abin mamaki, idan za mu sayi waya sai mun tambayi RAM, mun tambayi batir, mun duba ko ta asali ce ko jabu. Amma sai mutum ya miƙa fuskarsa ga injin da bai san ko sunansa ba. Sikirin idan ya fashe, a Farm Centre za a canja miki cikin awa ɗaya. Fuska kuwa babu shagon da ake sayar da sabuwa.

YADDA LEZA TAKE AIKI

Leza haske ne mai launi ɗaya tak, wanda aka tattara wuri guda. Theodore Maiman ne ya fara haɗa ta a Kalifoniya ta Amurka a 1960, kuma ba a daɗe ba wani likitan fata mai suna Leon Goldman ya fara gwada ta a jikin mutum. Matsalar wancan lokaci ita ce tana ƙona abin da ake so da wanda ba a so.

A 1983 ne wasu likitoci biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka fito da dabarar da ake tafiya a kanta har yau. Ga ta a sauƙaƙe. Ki ajiye baƙar mota da farar mota a ranar Sakkwato, ki dawo bayan awa ɗaya ki taɓa su. Baƙar za ta fi zafi, domin ta fi shan haske. Haka abubuwan da ke cikin fata suke, kowanne da irin hasken da yake sha. Idan aka zaɓi hasken da abin da ake nema ya fi sha, aka kuma harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kafin zafin ya bazu zuwa maƙwabta, to abin da aka nufa ne kaɗai zai ƙone.

Abubuwa uku ake nufa a fata. Na farko melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi launi. Na biyu jan jini, don gyaran jijiyoyin da suka fito fili. Na uku ruwan da ke cikin fatar kanta.

To ina maganar sabunta fuska ta shigo? Ta hanyar rauni. Eh, rauni. Duk waɗannan hanyoyin, leza ce ko allura ce, ji wa fata ciwo suke yi da gangan, ciwo ɗan daidai, don jiki ya tashi gyara. Garin gyaran ne yake ƙera sabon kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ya sa ta tsaya cas. Kolajin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara bayan mutum ya girma, shi ya sa fata ke saki.

A da, lezar CO2 kankare saman fuskar gaba ɗaya take yi, mutum ya yi makonni yana jinya. A 2004 Dieter Manstein da Anderson suka kawo sabon salo: maimakon a ƙone gonar duka, sai a yi ta ɗigo-ɗigo kamar ramukan shuka, a bar lafiyayyar fata a tsakani don ta taimaka wajen warkewa da wuri. Wannan salon na ɗigo-ɗigo shi ne yawancin abin da ake tallatawa yau da sunan "babu jinya".

Ki lura da abu ɗaya. Sabon kolajin ba ya fitowa cikin sati biyu, watanni uku zuwa shida yake ɗauka. Sheƙin da kike gani a hoton "bayan sati biyu" sau da yawa ɗan kumburi ne da ya cike fatar, ga haske mai kyau, ga filta.

INDA GIZO KE SAƘA GA BAƘAR FATA

Likitocin fata suna da ma'aunin da suke kasa fata gida shida, ana kiransa ma'aunin Fitzpatrick. An ƙirƙire shi a 1975, kuma da farko gida huɗu ne, duk na fararen fata. Daga baya aka ƙara na 5 da na 6 don masu duhun fata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki wa aka sa a gaba tun farko. Yawancinmu muna tsakanin na 4 zuwa na 6.

Ga abin da ke faruwa. A farar fata, baƙin tabo kamar ɗigon tawada yake a farar takarda, leza ta gan shi ta harbe shi ta wuce. A fatarmu kuwa takardar ma kanta baƙa ce. Hasken da aka aika ya ƙona tabo, tun a ƙofa melanin ɗin saman fata zai shanye shi ya mayar da shi zafi. Daga nan sai ƙuna da ƙurji mai ruwa.

Ko da ba a ƙone ba, akwai wata matsalar. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatarmu masu saurin fushi ne. Ki duba inda sauro ya cije ki kika sosa, ko inda ƙurji ya fito ya warke, baƙin tabo yake bari. Haka suke amsa zafin leza, su ƙara zubo launi. Sai mace ta je cire tabo biyar ta dawo da rabin fuska ya yi duhu, kuma duhun yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya washe. Idan kuma zafin ya kashe ƙwayoyin launin, sai wurin ya yi fari-fari kamar dabbare, wanda wani lokaci ba ya komawa daidai. Ƙari a kan haka, 'yan Afirka sun fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huji. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: shin matsalar da injin yake magancewa, kina da ita? Melanin garkuwa ce daga rana, shi ya sa tamoji da yamushewa ke makara zuwa fuskar baƙar mace idan aka kwatanta da Baturiya sa'arta. Abin da ya fi damun fatarmu shi ne rashin daidaiton launi, tabon ƙuraje, da baƙin tabon nan na kumatu da goshi da ke yawan fitowa lokacin juna biyu, wanda likitoci ke kira melasma. Shi kuwa melasma leza ba ta cikin maganinsa na farko, tana ma iya ƙara masa duhu. Don haka idan 'yar shekara 27 ta je aka sayar mata da aikin "hana tsufa", an sayar mata da maganin ciwon da ba ta da shi, an kuma jefa ta cikin haɗarin ciwon da fatarta ta fi saurin kamuwa da shi.

LAMBOBIN DA ZA KI RIƘE

Kowace leza tana da lamba, wato tsawon zangon haskenta, ana auna shi da nanomita. Kamar yadda kowace tashar rediyo take da mita. Ƙa'idar ita ce, a cikin lezojin da ke farautar launi, iya tsawon zango iya raguwar yadda melanin ke shansa.

532, 694 da 755: melanin yana shan waɗannan sosai. Suna da kyau a farar fata, amma a fata mai duhu haɗarin ƙuna babba ne.

IPL: wannan ma ba leza ba ce, ko da an kira ta haka a talla. Fitila ce mai walƙiya da ke sako haske kala-kala lokaci guda, ciki har da wanda melanin ya fi so. Ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi yawa a shagunan kwalliya. Ga mai baƙar fata sosai, likitocin fata galibi suna cewa a guje ta.

1,064: ita ce lezar Nd:YAG. Haskenta yana ratsa saman fata ba tare da melanin ya sha shi da yawa ba. Ita aka fi yarda da ita ga baƙar fata, musamman wajen cire gashi da ƙurajen gemu na maza. Da ita ake yin aikin nan da ake shafa baƙin gawayi a fuska a bi shi da haske. Amma ko ita idan aka riƙa maimaitawa kusa-kusa tana iya barin fararen ɗigo-ɗigo.

1,550 da 1,927: lezojin ɗigo-ɗigo ne da ba sa kankare saman fata, ruwa suke nufa. Ana iya yi wa baƙar fata, musamman don ramukan da ƙuraje suka bari, da sharaɗin a rage yawan ɗigon a kuma ba da tazara tsakanin zama da zama.

2,940 da 10,600: Er:YAG da CO2 ke nan, masu ƙone fata su mayar da ita tururi. Su ne mafi ƙarfi, su ne kuma mafi haɗarin barin duhu a fatarmu. Wannan aikin ƙwararren likita ne kawai.

Sai kuma injin allurai mai haɗe da wutar rediyo. Shi ba haske yake amfani da shi ba, ƙananan allurai ne ke shiga su saki zafi a can ƙasa, don haka babu ruwansa da launi. Wannan ya sa ake ganin ya fi dacewa da mu. Duk da haka, a watan Oktoba na 2025 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa, bayan rahotannin ƙuna, tabo, narkewar kitsen fuska da lalacewar jijiya, ta kuma jaddada cewa aikin likitanci ne.

Idan kika tambayi mai shago lambar injinta ta kasa faɗa miki, ko ta ce "ai lezar Jamus ce", to kin samu amsar da kike nema. Ki ɗauki jakarki.

MAGANAR "FARFAƊO DA FATA"

Ɗaya ɓangaren tallar shi ne magungunan da ake cewa suna sa jiki ya sabunta kansa. Uku ne suka fi tashe.

Na farko PRP. Ana ɗibar jininki kamar na gwajin asibiti, a sa a injin da ke wulwula shi na wasu mintuna har ya rabu. Sai a kwashe ruwan ɗorawar da ke sama, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin daskarar da jini masu sinadaran warkar da rauni, a mayar miki a fuska da allura. Ya yi suna ne tun 2013 da Kim Kardashian ta saki hotonta fuska jina-jina. Tunanin yana da ma'ana, kuma akwai alamun yana taimakawa ga ramukan ƙuraje da zubewar gashi. Sai dai binciken da aka yi a kan sabunta fuska yawanci ƙanana ne, kuma kowane wuri da yadda yake haɗa nasa. Amfanin, in an samu, ɗan daidai ne.

Haɗarin kuwa ba ɗan daidai ba ne idan babu tsafta. A 2018 hukumomin jihar New Mexico ta Amurka suka rufe wani gidan gyaran jiki marar lasisi a birnin Albuquerque. A 2024 hukumar CDC ta fitar da rahoton cewa mata uku da aka yi wa wannan aiki a wurin sun kamu da ƙanjamau, kuma shi ne karo na farko da aka danganta yaɗuwar cutar da allurar kwalliya. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini babu suna a jikinsu, wasu a cikin firij tare da abinci, ga sirinji a buɗe cikin durowa. A Amurka fa ke nan, inda ake sa ido. Ki kuma tuna ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai.

Na biyu exosome. Wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo da su. Wasu daga ƙwayoyin jikin ɗan Adam ake samo su, wasu daga tsirrai. A ɗakin bincike abin sha'awa ne. Amma a Disamba 2019 FDA ta yi gargaɗi a kansu bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun shiga mummunan hali, ta kuma ce babu wani samfurinsu da ta amince da shi. Idan za a zuba miki wani ruwa a fatar da aka huda da ɗaruruwan allurai, haƙƙinki ne ki san daga jikin me aka samo shi.

Na uku allurar kifi. Gutsattsarin DNA ne da ake tacewa daga maniyyin kifin salmon, kuma Koriya ta Kudu ce ta yaɗa shi da samfuri irin su Rejuran. Shi ma binciken da ke bayansa bai kai ƙarfin tallar da ake yi masa ba.

Ban ce duk ƙarya ba ne. Abin da nake cewa, talla ta riga hujja isa kasuwa, kuma kuɗinki ake karɓa kamar an gama tabbatarwa.

TARKON "FDA APPROVED"

Za ki ga wannan rubutu a kusan kowace talla. Ki san abu uku game da shi.

Ɗaya, yawancin injinan kwalliya ba ta hanyar amincewa mai tsauri suke bi ba. Kamfani yakan nuna ne cewa injinsa ya yi kama da wani da ke kasuwa tuntuni, sai a ba shi izinin sayarwa.

Biyu, izinin na inji ne, don wani aiki takamaimai. Ba shaidar ƙwarewar mai riƙe da shi ba ce. Mota mai takardu ba ta mayar da mutum direba.

Uku, akwai jabu. Lezar fiko-sakan ta gaskiya, wadda ke harbi cikin ɗan lokacin da ya gaza kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, ta shigo kasuwa a 2012, kuma kuɗinta dubun-dubatar daloli ne. Wannan ɗan biron da ake sayarwa a intanet da kuɗin da bai kai na ƙaramar waya ba, an rubuta masa suna iri ɗaya, ke ma kin san ba ita ba ce. Araha ba ta ado. Ko injin gaskiya ma yana buƙatar injiniya ya riƙa duba shi, domin lambar da ke kan allo ta dace da ƙarfin da yake fitarwa, balle a inda wuta ke hawa da sauka.

BILICIN DA LEZA BA SA HAƊUWA

Wannan sai mun faɗa wa juna gaskiya. Shafe-shafe ya yi yawa har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Man haɗin da ake sayarwa a roba babu suna sau da yawa yana ɗauke da hydroquinone, ko sinadarin steroid mai ƙarfi irin su clobetasol, wani lokaci har da makuri.

Steroid yana sirantar da fata ya rage mata ƙarfin warkewa. Hydroquinone kuma idan aka daɗe ana shafawa yana iya juyewa ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Mata da yawa wannan baƙin ne ke kai su neman leza. Ka ga an ɗauki fatar da ta riga ta raunana an sake ji mata ciwo.

Sannan mai bilicin tana ruɗar mai injin. A ido fara ce, sai a saita mata lamba irin ta farar fata, alhali ƙwayoyin launinta na baƙar mace ne, suna nan suna jira. Idan kina shafawa, ki faɗa wa likita ƙarara, ki kai masa robar ya gani. Kada kuma ki daina mai steroid rana ɗaya da kanki, fuskar tana iya yin bore. Likita ne zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

ABIN DA ZA A CE MINI

Wata za ta ce, "To ai baƙaƙen Amurka da Ingila ana yi musu." Gaskiya ne, kuma suna samun sakamako mai kyau. Amma a hannun likitocin da suka ƙware a kan fata mai duhu, waɗanda ke fara shirya fatar makonni kafin aiki, su rage ƙarfin inji, su sanyaya wurin, su bibiye ta bayan an gama. Abin da nake nema mana ke nan.

Wata za ta ce, "Likitocin fata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo." Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa shagunan suke ciniki. Amma gyaran fuska ba haihuwa ba ne da za a ce ba ya jira. Jiran wata biyu don ganin likitan fata a asibitin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika ya fi shekara biyu ana neman maganin ƙuna. Kuma idan aka ɓata fuskar, layin nan dai da aka guje masa shi za a dawo a bi.

Wata kuma za ta ce, "Fuskata ce, kuɗina ne." Babu musu. Son kyau ba laifi ba ne, iyayenmu ma da dilka da kurkur da lalle suka tashi. Amma zaɓi yana zama naki ne idan kin san abin da kike zaɓa.

Gargaɗi na musamman ga amare. Gyaran jiki na gargajiya ana yinsa ne ana saura sati biyu biki, sai wasu suka ɗauka leza ma haka take. Wannan shi ne mafi munin lokaci, domin duhun da leza ke jawowa yakan bayyana ne makonni kaɗan bayan aikin, wato daidai ranar kamu ko ɗaurin aure. In za a yi, a yi saura watanni. Haka masu zuwa Dubai ko Alƙahira ko Istanbul su yi aiki su hau jirgi bayan kwana uku. Lokacin da matsala za ta fito kina gida, wanda ya yi miki kuma yana wata ƙasa.

TAMBAYOYI TAKWAS KAFIN KI BIYA

1. Wane ne zai yi aikin, kuma likita ne mai rajista? A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista. Satifiket na kwas ɗin kwana biyar a bango ba lasisi ba ne.

2. Mene ne sunan matsalata? Sai an san ciwo ake zaɓar inji. Wanda ya faɗi farashi kafin ya duba fuskarki da kyau, ciniki ya sa a gaba.

3. Mene ne sunan injin, wane kamfani ya ƙera shi, kuma mece ce lambarsa? Ki ɗauki hoton lambar da ke bayansa ki bincika a shafin kamfanin.

4. A nuna mini hotunan masu irin launin fatata da aka yi wa a nan, bayan wata uku ko shida, a haske iri ɗaya. Idan kina shakka, ki sa hoton a Google Lens ki ga ko daga wani shafin aka kwaso.

5. Za a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, kamar bayan kunne ko ƙasan muƙamuƙi, a jira a ga yadda fatar za ta amsa?

6. An tambaye ni tarihina? Juna biyu, shayarwa, tabo mai tudu, ƙurajen zazzaɓi na bakin leɓe, ciwon suga, magungunan da nake sha, man da nake shafawa. In ba a tambaya ba, akwai matsala.

7. Allura da kan inji sababbi ne, a gabana za a ɓare su? Kwalbar jinina an rubuta sunana, kuma ina ganinta daga ɗiba har mayarwa? Akwai tabarau na musamman na wannan lezar? Hasken 1,064 ido ba ya ganinsa, amma yana iya lalata gani.

8. Idan aka samu matsala, wa zan kira, kuma wa zai biya kuɗin magani?

Bayan aiki, ɗan ja da ɗan zafi na kwana kaɗan ba abin tsoro ba ne. Amma idan kika ga ƙurji mai ruwa, mugunya, ciwon da ke ƙaruwa, ko wuri ya yi fari fat ko toka-toka, ki tafi asibiti ranar. Kada ki shafa man goge baki ko man haɗi, kada kuma ki ɓanɓare ɓawon.

ABIN DA YA FI ARAHA SHI AKA FI RAINAWA

Abin da ke da hujja mafi ƙarfi wajen kare fuska daga tsufa da tabo ba shi da bidiyo mai burgewa. Man kariyar rana ne mai lamba SPF 30 zuwa sama, kullum da safe. Ga fatarmu an fi son mai ɗan launi kamar hoda, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo. Sai maganin ƙuraje da wuri kafin su bar rami, da barin matse su. Sai man tretinoin idan likita ya rubuta, ban da mai ciki. Sai man da ke riƙe danshi lokacin hunturu. Duk likitan kirki da waɗannan zai fara miki, kuma ko an yi lezar, in babu kariyar rana a zafin watan Afrilu, tabon dawowa zai yi.

Wadda ta yi waɗannan na wasu watanni, ta ga likita, aka gano matsalarta, aka zaɓi injin da ya dace da launinta, to ta yi lezarta hankali kwance. Wadda kuma aka ce mata yau za a fara saboda rangwamen zai ƙare gobe, ta bari rangwamen ya ƙare.

Ki adana tambayoyin nan takwas a wayarki. Ki kuma tura wa ƙawar da kika san tana shirin zuwa, musamman in biki ya matso.